Bakwai Ita Ce Saifa

Ofishina yana can ƙuryar Asibitin Shika,
inda fanka ke juyi kamar an yi mata dole.
Ni ba likita ba ce.
Ban taɓa ɗaura wa kowa ruwa ba.
Aikina in karanta rubutun likitoci,
mai kama da sawun kaza a jiƙaƙƙiyar ƙasa,
in mayar da ciwo lamba.

Fayil na talatin da ɗaya, ranar Laraba:
Sambo Ɗan'iya, shekara sittin da biyu,
mai gyaran agogo, Sabon Gari.
Sai na ajiye biro.

Na san teburinsa, dab da masu sayar da bokiti,
gilashi guda maƙale a idon dama.
Shi ya tayar da agogon babana bayan rasuwarsa,
ya ƙi karɓar ko sisi.
Ya ce, "Agogon mamaci ba a yi masa ciniki."

Ga shi yau a takarda.
Wata takwas yana rama, har wando ya nemi sabon mazagi.
Loma uku, ya ƙoshi.
Gumin dare, sai an juya matashi.
Ƙullutu guda a wuya, ba zafi,
kuma rashin zafin ne ya yaudare shi.
Ya sha saiwar shawara, ya sha sassaƙen basir,
kafin Dakta Yalwa ta danna ƙasan haƙarƙarin hagu
ta tarar saifa ta sauko yatsa huɗu,
baƙuwar da ta ce kwana biyu za ta yi
amma ta zo da akwati.

Suka yanki ɗan nama, suka rina, suka leƙa ta madubi:
ƙwayoyin sun taru dunƙule-dunƙule
kamar curin fura a kan faifai.
Dajin kaluluwa ne, in ji rahoton,
irin mai tafiyar hawainiya.

To, nawa aikin ya zo.
C, unguwar ciwon daji ke nan.
Tamanin da biyu, gidan mai dunƙule.
Ɗigo.
Ɗaya, wato mataki na biyu,
don littafin daga sifiri yake fara ƙirga.
Sai gurbi na ƙarshe, inda hannuna ya tsaya.
In ya bazu a kaluluwa wurare da dama, takwas ce.
In saifa ce mazauninsa, bakwai.

Ban yi kirdado ba.
Lamba guda ta karkace, inshora ta dawo da takarda,
mako uku ya tafi a banza,
mutum yana zaune a benci yana jiran magani.
Na hau bene da fayil a ƙirji.
Dakta Yalwa ta duba hoton, ta sake dubawa,
ta ce, "Saude, rubuta bakwai."

Na rubuta. Na busa tawadar, ko da yake ta bushe.

Ranar Litinin na gan shi a baranda,
hula ta yi masa yawa.
Ban ce na ga fayil ɗinsa ba, amana ce.
Shi ya fara: "Sun ce ba kasafai ake tumɓuke shi ba,
amma ana kwantar da shi, shekaru,
in ya motsa a sake kwantarwa.
Na ce, likita, ai ka zo gidana.
Tsohon agogo ma haka yake, kullum sai an murɗa."

Ya kama wuyan hannuna, ya kara a kunne,
ya lumshe ido.
Kekunan marasa lafiya suna wucewa ta bayansa.
Ya ce, "Na babanki ne, ko?
Yana baya da minti huɗu.
Ki kawo min shi bayan allura ta biyu."

Na koma ofis.
Fayil na ɗaya: karaya, ƙafar dama.
Ban gyara mintunan ba.